Rauta a Falo, Ofis a Ƙuryar Gida: Nazarin Wani Wi-Fi Mai Rauni da Yadda Aka Gyara Shi

Ofishin da ake magana a kansa ɗaki ne a ƙuryar wani gida marar bene. Mai shi yana aikin lissafin kuɗi daga gida, kusan kullum yana da taro ta bidiyo, yana kuma aika manyan fayiloli. Layin intanet ɗin gidan na fiba ne, Mbps 200 wajen saukewa, 20 wajen ɗorawa (Mbps shi ne ma'aunin gudun intanet). Kebul ɗin kamfani ta falo ya shigo, don haka a can aka girke modem, mai karɓar layin kamfani, da rauta, mai raba intanet ga na'urorin gida, a cikin kabad ɗin talabijin. Daga kabad ɗin zuwa teburin aiki mita 14 ne, akwai bangon bulo biyu da kicin a tsakani.

Koke uku aka kawo. Gwajin gudu a kan teburin ba ya wuce Mbps 9 zuwa 14. Ana tsakiyar taro sai murya ta sarƙe, hoto ya daskare. Da yamma kuma abin ya fi ƙamari. Kafin a nemi taimako, mai ofishin ya riga ya sayi na'urar maimaita sigina ya jona ta a soket ɗin ofis, sandunan sigina suka cika fal a laftof, amma gudun bai ƙaru ba. Har ya fara shirin komawa kan tsarin Mbps 500.

Da ya yi hakan da kuɗinsa ya tafi a banza. Intanet yana bin gaɓoɓi ne kafin ya iso tebur: daga kamfani zuwa modem, daga modem zuwa rauta, daga rauta zuwa kwamfuta ta iska. Gwajin gudu lamba ɗaya yake bayarwa, ta gaɓar da ta fi kowace rauni, kuma ba ya faɗin wace ce. Saboda haka aka hana sayen komai sai an auna kowace gaɓa ita kaɗai.

Awo na farko: kebul

Aka kashe Wi-Fi ɗin laftof, aka jona ta da rauta da gajeren kebul. Sakamako: Mbps 94 saukewa, 20 ɗorawa. Duk wanda ya saba da wannan aiki ya san lambar 94. Ita ce abin da haɗin Mbps 100 ke bayarwa bayan an cire nauyin bayanan sarrafawa, kamar yadda haɗin gigabit, wato Mbps 1000, ke tsayawa wajen 940. Wato akwai wata gaɓa da ta maƙale a kan 100.

Ba a daɗe ana nema ba. Kebul ɗin da ya haɗa modem da rauta tsoho ne, da aka ɗaga kansa a haske sai ga silin waya huɗu kacal a ciki maimakon takwas. Haɗin Mbps 100 silin huɗu yake amfani da su, na 1 da 2 da 3 da 6, amma gigabit sai da takwas ɗin duka. Ko kebul mai takwas ne, idan sili ɗaya daga cikin na 4 da 5 da 7 da 8 ya tsinke ko bai zauna ba, na'urorin za su sauko kan 100 shiru ba tare da wani gargaɗi ba. Aka sa kebul ajin Cat6, mai ɗaukar gigabit, mai mita ɗaya, gwaji ya koma 197 da 20. Kamfanin intanet ya fita daga zargi. Sai dai wannan gyara bai taɓa matsalar ofis ba ko kaɗan, domin wanda ke samun 12 ba rufin 94 ne ya tare shi ba.

Awo na biyu: iska

Sandunan sigina ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Ma'aunin da ake aiki da shi dBm ne, lamba ce mai alamar ragi a gabanta, kuma duk yadda ta matso kusa da sifili, sigina ya fi ƙarfi. Daga -50 zuwa -60 yana da kyau. Masu girka netwok sukan ɗauki -67 a matsayin iyaka ga kiran murya da bidiyo. Daga -80 zuwa ƙasa kuwa da ƙyar haɗin ke tsayawa. Kowane ragin dB 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, ragin 10 kuma kashi ɗaya cikin goma ne ya saura. A Mac ana ganin lambar idan aka danne maɓallin Option aka latsa alamar Wi-Fi. A Windows umarnin netsh wlan show interfaces yana nuna tasha da gudun haɗi da ƙarfin sigina. A wayar Android kuma akwai manhajojin nazarin Wi-Fi da ke nuna dBm na kowane netwok da ke kusa.

Rautar tana watsawa a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Mita biyu daga rauta, a zangon 5 GHz, aka samu -45 dBm, gudun haɗi tsakanin laftof da rauta 867, gwajin gudun intanet kuma 190. Lafiyar rauta ƙalau. Aka cire na'urar maimaitawa aka koma kan teburin ofis. A can 5 GHz ya faɗi zuwa -82, laftof ta yar da shi ta koma 2.4 GHz, inda take samun -74, gudun haɗi yana lilo tsakanin 14 da 29.

A nan lissafi yana da amfani. A fili ba shamaki, duk ninka tazara sau biyu yana cin dB 6. Daga mita 2 zuwa 14 ninki bakwai ne, wajen dB 17 ke nan, don haka da tazara ce kawai da an ga -62 a ofis. An ga -82. Sauran dB 20 ɗin abin da ke tsakani ne ya cinye, kuma dB 20 na nufin kashi ɗaya cikin ɗari ne ya tsira. Da aka ja layi a zanen gidan daga rauta zuwa tebur, sai ga shi ya fara ratsa bayan talabijin, ya shiga bangon farko a karkace, ya bi ta jikin firji, sannan ya huda bango na biyu. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, ruwa yana shanye shi, kankare mai rodi kuma yana yin duka biyun. Bangon da aka ratsa a karkace ya fi kaurinsa na zahiri kauri a wurin sigina, wannan kuwa mutane ba su cika lura da shi ba.

Sai aka yi gwajin da ya fi gwajin gudu bayyana damuwar taron bidiyo. Aka aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake auna lokacin dawowar amsarsa, sau ɗari zuwa rauta kanta, da umarnin ping -n 100 192.168.1.1. Adireshin yakan bambanta, umarnin ipconfig yana nuna na kowane gida. A Wi-Fi mai lafiya amsa kan dawo cikin milisakan kaɗan. A nan sai ta riƙa tsalle daga 3 zuwa sama da 300, fakiti shida kuma, wato ƙunshin bayanan da ake aikawa, suka ɓace ɗungurungum, alhali ba a ma fita daga gidan ba. Kiran bidiyo mai kyau bai buƙatar fiye da Mbps 4 ko 5. Abin da ba ya jurewa shi ne jinkiri mai hawa da sauka da ɓatan fakiti, domin maganar da ta iso a makare ba ta da sauran amfani.

Dalilin tsallen ya fito a manhajar nazari. Netwok goma sha ɗaya na maƙwabta ake ji a 2.4 GHz daga ofishin, rautar gidan kuma ta zaɓar wa kanta tasha ta 4 da faɗin 40 MHz. Tashoshin wannan zango tazarar 5 MHz ce tsakaninsu, alhali kowace watsawa tana cin kusan 20, shi ya sa uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. Wi-Fi kamar hira ce a ɗaki ɗaya, mutum ɗaya ke magana, saura su jira ya kai aya. Na'urorin da ke tasha ɗaya suna fahimtar juna, suna bin layi. Wanda ya zauna a tasha ta 4 kuwa yana shan hayaniyar masu 1 da masu 6 ba tare da cikakken tsarin jira ba, fakiti su lalace, a sake aikawa, a rage gudu. Ƙari a kan haka, na'urar da ke haɗe a gudun 14 tana daɗewa kafin ta gama aika abin da mai gudun 144 zai aika cikin ƙiftawa, duk tsawon lokacin nan kuma tashar a toshe take ga kowa.

Wannan ne ya bayyana abin da ya faru da na'urar maimaitawa. An jona ta a cikin ofis, inda ita ma -74 ɗin take ji. Ta karɓi sigina mai rauni ta sake watsa shi da ƙarfi, laftof ta ga sanduna cike, amma hanyar komawa rauta tana nan yadda take. Kuma da yake rediyo ɗaya gare ta, kowane fakiti sai ya hau iska sau biyu a tasha guda, abin da ke rage gudu zuwa kusan rabi. Irin wannan na'ura tana da amfani idan an ajiye ta a tsakiyar hanya, inda take samun -60 ko abin da ya fi, ba a wurin da sigina ya riga ya mutu ba.

Gyaran da bai ci ko sisi ba

Aka fitar da rauta daga kabad, aka ɗora ta a kan kanta mai tsayin kusan mita biyu, a gefen falon da ke kallon koridon gidan, eriyoyinta a tsaye. Eriya mai siffar sanda tana watsawa ne ta gefunanta, ba ta samanta ba, don haka a gida marar bene tsayuwa ta fi. Aka kafe 2.4 GHz a tasha ta 11, wadda ta fi ƙarancin maƙwabta masu ƙarfi, aka rage faɗi zuwa 20 MHz. Aka duba tsaro aka tabbatar WPA2 ne da AES, domin rautar da aka bari a kan tsofaffin tsarin tsaro na WEP ko TKIP ba ta wuce Mbps 54. Aka sabunta manhajar cikin rauta da direban Wi-Fi na laftof.

Akwai wani ƙaramin abu a kan teburin kansa. Rumbun ajiya na waje mai USB 3.0 yana manne da gefen laftof da gajeren kebul marar kariya. Irin wannan haɗi yana fitar da ƙara a daidai zangon 2.4 GHz, kamfanin Intel ya wallafa bayani a kan haka tun 2012. Da aka matsar da rumbun nesa da kebul mai kariya, tsallen ping ya ragu. Maikurowef ɗin kicin ma yana aiki ne a wajen 2.45 GHz, kuma an ga ping yana haukacewa duk lokacin da aka kunna shi, sai dai wannan ba shi da magani illa barin zangon.

Bayan duk wannan ofis ya koma -68 dBm, gudu wajen Mbps 30, ba ɓatan fakiti sai jefi-jefi. Ga mai karanta labarai da duba imel, da an tsaya a nan. Ga wanda abincinsa ya rataya a kan taron bidiyo, -68 a zango mai cunkoso zama ne a bakin iyaka, ranar da maƙwabci ya sauya tasha sai a koma gidan jiya.

Jan kebul

Hanya uku aka auna. Na'urorin mesh masu haɗuwa da juna ta iska suna aiki sosai a gidan da bangonsa ba shi da kauri, musamman masu rediyo uku da ke ware ɗaya don magana tsakaninsu, amma a nan haɗin nasu ma sai ya ratsa bangon da ya cinye dB 20. Adaftar da ke bi ta wayoyin lantarkin gida ba ta buƙatar huda bango, sai dai gudunta ya dogara da yadda aka ja wayoyin, ba ta son a jona ta a soket mai tsawo, kuma abin da aka rubuta a kwalinta ya yi nisa da abin da take bayarwa. Ta uku ita ce kebul, kuma inda zai yiwu a ja shi babu abin da ya kama ƙafarsa: gigabit har tsawon mita 100, ba ruwansa da maƙwabta ko maikurowef.

Hanyar da aka bi ta cikin rufin gida ta kai mita 22, aka yanki 25 don a bar rara a kowane ƙarshe. Kayan su ne Cat6 na tagulla zalla, soket ɗin bango na RJ45 guda biyu, gajerun kebul na haɗi, ƙaramin suwic na gigabit mai kafa biyar don raba kebul ɗaya ga na'urori da yawa, da na'urar watsa Wi-Fi da ma'aikatan netwok ke kira AP. A kula da kebul mai tambarin CCA: alminiyom ne aka shafa masa tagulla, yana saurin karyewa, yana ɗaukar zafi idan aka bi da wuta ta cikinsa, kuma bai cika ƙa'idar Cat6 ba ko da an rubuta hakan a jikinsa. Aka nisanta kebul ɗin daga wayoyin wuta, inda ya zama dole su haɗu aka gitta su a miƙe, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi ba, ba a kuma matse shi da ƙusa ba.

Ƙarshen biyu aka jera su bisa tsarin T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Murɗin da ke jikin kowane sili biyu shi ne kariyarsu daga ƙara, don haka ba a warware shi fiye da milimita 13. Na'urar gwada kebul ta nuna fitila ta 7 ba ta kamawa a ƙarshen ofis, silin bai shige maƙallinsa ba. Da an rufe soket ba a gwada ba, da lambar 94 ta sake bayyana.

Laftof ta hau kebul kai tsaye ta suwic, AP kuma aka maƙala ta a saman bangon ofis don wayar hannu da firinta. Tsohuwar rauta ma tana iya wannan aiki, muddin an kashe DHCP ɗinta, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, an ba ta adireshi a cikin netwok ɗin gidan kamar 192.168.1.2, an kuma jona kebul a kafar LAN ba ta WAN ba. In ba haka ba gida zai rabu netwok biyu, laftof ta kasa ganin firinta. Suna da kalmar sirri aka yi su iri ɗaya da na falo, 2.4 GHz na AP aka sa shi a tasha ta 1, aka rage ƙarfin watsawarsa a na'urorin biyu. Rage ƙarfin yana da dalili: wayar hannu ce ke yanke shawarar sauya sheƙa, kuma muddin tana jin rautar falo da ɗan ƙarfi za ta liƙe mata ko tana zaune ƙarƙashin AP.

A kan kebul aka samu 196 da 20, ping zuwa rauta ƙasa da milisakan ɗaya. A Wi-Fi kuma -48 dBm.

Abu biyu da suka rage

Bayan kwanaki sai aka lura wayar hannu tana rasa 5 GHz na ofis lokaci-lokaci. Rajistar AP ta nuna an gano rada. An sa ta ne a tasha ta 100, wadda ke cikin rukunin DFS, daga 52 zuwa 144, inda doka ta wajabta wa na'ura ta bar tashar da zarar ta ji radar yanayi ko ta jiragen sama, ta kuma saurara na aƙalla minti ɗaya kafin ta fara watsawa a wata irinta. Wani lokaci ma jin ƙarya ne. A ƙasashen da aka halatta tashoshi 149 zuwa sama, can ake komawa. A nan sai aka raba rukunin 36 zuwa 48 gida biyu: falo ya ɗauki 36 da 40, ofis ya ɗauki 44 da 48, kowanne da faɗin 40 MHz. Gudun haɗi ya sauko daga 867 zuwa 400, kuma ba a yi asarar komai ba, tunda layin gidan 200 ne.

Na biyun ya fi muhimmanci, shi ne kuma wanda da ba a yi awo ba da an ci gaba da ɗora wa Wi-Fi laifinsa. Ko a kan kebul, taron yamma bai daina sarƙewa ba. Aka bar ping biyu suna gudana a lokaci guda, ɗaya zuwa rauta, ɗaya zuwa wani adireshi a intanet. Na rauta bai motsa ba. Na waje yana zaune a milisakan 18, amma da mutanen gida suka dawo wayoyinsu suka hau Wi-Fi, sai ya haura 400. Wayoyin suna ɗora hotuna da bidiyon yini zuwa rumbun ajiya na intanet, kyamarar tsaro ma tana ɗora nata, Mbps 20 na ɗorawa ya cika maƙil. Idan hanyar fita ta cika, modem yakan tara fakiti a dogon layi, muryar mai taro ta tsaya a bayan bidiyon wani. Ana kiran wannan matsala bufferbloat. Ƙa'idar G.114 ta ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ta nuna cewa hira takan tafi daidai idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba, don haka 400 ya yi yawa nesa ba kusa ba.

Maganin shi ne rauta ta karɓe ikon layin daga hannun modem. Ana yin haka da SQM, tsarin sarrafa layin jiran fakiti, wanda ke amfani da dabarar fq_codel ko CAKE. Wasu rautoci suna da shi a ƙarƙashin saitin QoS, manhajar rauta ta OpenWrt ma tana da shi. Ana ba shi iyaka ƙasa kaɗan da gudun da aka auna, wajen kashi 90 cikin 100, domin layin jira ya taru a cikin rauta inda za a iya tsara shi, ƙananan fakitin murya su wuce ba tare da jiran manya ba. Aka sa 18 a ɗorawa, 180 a saukewa. Aka maimaita gwajin ana ɗora babban fayil da gangan daga waya biyu: ping na waje ya tsaya tsakanin 22 da 30.

SQM yana cin ƙarfin kwakwalwar rauta, kuma a wasu na'urori sai an kashe saitin hanzarta NAT kafin ya yi aiki. Wannan rauta ta ɗauki 180 ba matsala, amma da an koma tsarin 500 da wuya ta iya. Idan rauta ba ta da ƙarfi, a bar saukewa ba iyaka a tsara ɗorawa kaɗai, tunda a layi irin wannan ɗorawa ce ke fara cika. Inda babu SQM sam, a rage ingancin bidiyon da kyamara ke aikawa, a kuma dakatar da ɗora hotunan wayoyi a lokutan taro.